Tsuntsu Ne Ke Zaɓen Kyamara

Abin da ya kai ni shagonsa a Gummi tambaya ce guda: wace kyamara zan saya in ina son ɗaukar hoton tsuntsaye? Mai hoton biki ne, abokin yayana, ya haura shekara ashirin yana bin ɗaurin aure da suna da saukar karatu. Amma ba don wannan na neme shi ba. Wani hoton zalɓe ne da ya manna a bango, tsakanin hoton wata amarya da na ɗaliban Islamiyya, ya daɗe yana tsaya mini a rai. Zalɓen na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, ya lanƙwasa wuya, idonsa rawaya tas, kana iya ƙirga gashin ƙirjinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ko ɗagowa bai yi ba daga kwamfutarsa. Ya ce, "Wane tsuntsu, ƙanena?"

Na ce, "Kowanne, Yaya."

"To ba ka tashi saye ba. Tahi ka zamna bakin gulbi kwana bakwai. In ka dawo ka gaya mini wanda kag gani, da inda yab bari ka kai kahin ya tashi."

A ranar na ɗauka rowar sani ce irin ta masu sana'a. Sai daga baya na gane a jumla ukun nan ya ba ni dukan ilimin. Mai sayen kyamarar biki kuɗin aljihunsa yake dubawa da yawan mutanen da za su shiga hoto. Mai sayen kyamarar tsuntsu kuwa sai ya fara sanin girman tsuntsun, da tsoronsa, da saurinsa, da irin hasken da yake fitowa a ciki, sannan ya waiwayi aljihu.

Lissafin ba wuya gare shi ba. Gilashin da ake ɗaura wa kyamara, wanda masu sana'ar ke kira lensi, kowanne da lambarsa a jiki, da milimita: 24, 50, 200, 400, 600. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda yake jawo abin da ke nesa. Babbar kyamarar wayar da ke aljihunka ba ta wuce milimita 26 ko kusa da haka ba, don an yi ta ne ta kwashe taron jama'a gaba ɗaya. Ɗauki kurciya, wadda daga baki zuwa wutsiya santimita 25 ce, ka ɗora ta bisa katanga mita 20 daga inda kake tsaye. A waya ba za ta cika kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin hoton ba, ɗigo ce kurum kamar kashin ƙuda a madubi. Da gilashi mai 400 za ta ci kashi ɗaya cikin bakwai. Da mai 600, kusan ɗaya cikin biyar. Shi ya sa masu abin suke cewa daga 400 hoton tsuntsu yake farawa.

To amma akwai wani gefen lissafin da mai shago ba zai gaya maka ba, don ba a shagonsa ake sayar da shi ba. In ka rage nisan nan daga mita 20 ya koma 10, kurciyar ta ninka girma a hoto, daidai da a ce gilashinka mai 400 ya rikiɗa ya zama mai 800, ba ka biya ko kwabo ba. Taku goma sha wani abu ne kawai. Sai dai kurciyar ce za ta yarda ka yi su ko ta ƙi.

Wannan kuwa ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Maharbanmu sun warware matsalar tun babu kyamara. Duk wanda ya taɓa ganin kan burtu ya san abin da nake nufi: a sassaƙa wuya na itace, a rufe shi da fata, a ɗaura masa baki irin na burtu, maharbi ya ɗaure shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya duƙa yana rarrafe cikin ciyawa, yana kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo. Naman daji ya saba da burtu, bai ɗauke shi abin gudu ba, sai maharbi ya kai inda kibiyarsa za ta isa. A Ingila ma, wajen 1900, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suna cikin na farko-farkon masu hoton tsuntsaye, sun sa an yi musu gunkin sa da fatar sa ta gaske, cikinsa rami. Ɗaya ya shige da kyamara, ya leƙo da gilashin ta wata kafa a ƙirji. Wata rana san ya kife da Richard a ciki, ƙafafu a sama, Cherry kuwa sai da ya ɗauki hoton abin kafin ya fito da ɗan'uwansa. Da sun zo Zamfara neman shawara, da an rage musu wahala.

Hoton zalɓen nan na bango, da na matsa da tambaya, ashe ba da wani ƙasaitaccen gilashi aka ɗauke shi ba. Mai 70 zuwa 300 ne, wanda Yaya yake ɗauko fuskar ango da shi daga bayan taro. Zana biyu ya kafa a bakin ruwa, ya bar su kwana huɗu har tsuntsaye suka daina kallonsu, ranar ta biyar ya shige tun kafin gari ya waye.

Nan ne batun wane tsuntsu yake da nauyi. Shamuwa ba ta buƙatar dogon gilashi. Tana iso mana dab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, wani lokaci a tsakar gidan mutum, kuma babu mai jifarta, don kowa ya ɗauke ta mai bushara da ruwa. Ta saba da mutane har ba ta damu da su ba. Ga girma, tsawonta ya haura santimita 70. Da mai 200 ko 300 za ka samu shuɗin fuskarta da ɗan jan da ke gaban idonta, abin da da yawanmu muka girma a ƙarƙashin sheƙarta ba mu taɓa lura da shi ba. Haka balbela a bayan shanu, haka hankaka, haka hasbiya a kan soron masallaci, haka shirwa da ke shawagi a mahauta. Waɗannan 'yan gari ne. Amma jeka fadamar Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Anka da Gummi ya nufi Jega, ka nemi dinya ko kirinjijiya, ko ka shiga saura ka nemi fakara da zabin daji. Waɗannan sun san ƙarar bindiga. Tun kana hango su kamar tsaba za su tashi, kuma ko mai 600 ka riƙe, in ba ka iya zama ba, bayansu kawai za ka riƙa ɗauka. Akwai kuma ƙananan nan, su jan-baki da ke yi wa gero da shinkafa ɓarna, waɗanda ba su da tsoro sosai amma duka-duka ba su kai tafin hannu ba. Su dogon gilashi suke so kuma a kusa, don haka sai mutum ya duba mafi ƙarancin nisan da gilashin ke iya saita hoto. Wani in abu ya matso ƙasa da mita uku ya makance.

Sai gangar jikin kyamarar. A cikinta akwai ɗan allon da haske ke faɗawa a kai, sensa, wanda ya maye gurbin fim na da. Babba shi ne mai milimita 36 da 24, kuma shi masu hoton biki ke mafarki, don yana fitar da hoto mai tsabta ko a ɗakin amarya mai duhu. Ƙaraminsa, mai faɗin milimita 23 ko kusa, ya fi araha, ana kuma yi masa kallon na masu koyo. A wurin tsuntsu sai abin ya juye. Da yake allon ƙarami ne, tsakiyar abin da gilashi ya kawo kaɗai yake kamawa, sai tsuntsun ya fi cika hoto. A Nikon da Sony ana ninka lambar gilashin sau 1.5, a Canon sau 1.6. Ke nan a kan Nikon ko Sony mai 300 na Yaya aikin mai 450 yake yi, mai 400 a kan Canon ya zama 640, mai 600 a kan Nikon ya zama 900. Kyamarori biyu da masu tsuntsaye suka daɗe suna yabo, Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016, duk masu ƙaramin allo ne, kowacce tana harba hoto 10 a daƙiƙa guda. Yanzu da masu hali suka koma kan sababbin da ba su da madubi a ciki, waɗannan sun gangaro kasuwar na-hannu, kuma ni dai a ganina nan ne ya kamata ɗan Gummi ya fara leƙawa.

Akwai lamba ta biyu a jikin gilashi, mai harafin f, ita ce ke faɗin girman ƙofar da haske ke bi. Ita ce kuma ke cin kuɗi. A raba tsawon gilashin da wannan lamba, a samu faɗin ƙofar: mai 600 da f/4 sai an yi masa baki mai faɗin milimita 150, kamar farantin shayi, na tataccen gilashi. Nauyinsa kilo 3 ko fiye, kuɗinsa dubban daloli, kuɗin gida sukutum. Mai 600 da f/6.3 kuwa bakin milimita 95 ya ishe shi. Irinsa ne Tamron da Sigma suka fito da shi, mai zumin daga 150 zuwa 600, wanda tun wajen 2014 ya buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofar wannan harka, nauyinsa kilo 2 ko kusa. Nikon ma ta fitar da mai 200 zuwa 500 da f/5.6 a 2015. Bambancin kuɗin nan duka na haske ne: daga f/4 zuwa f/5.6 hasken ya ragu da rabi. Bature da ke zaune ƙarƙashin gajimare wata shida, yana bin tsuntsu cikin kurmi, dole ya sayi haske da tsada. Mu kuwa Allah ya hore mana rana har ta yi yawa. Mai sayen f/4 don ya ɗauki balbela a fadamar Gummi, kamar mai sayen ruwan leda ne yana tsaye a tsakiyar gulbi.

Rana tamu tana da nata sharrin, ba a rasa ba. Daga hantsi, musamman da bazara, iska mai zafi na tashi daga ƙasa tana rawa, kawalwalniyar nan da ake gani a kan kwalta. Dogon gilashi yana jawo ta tare da tsuntsun. Hoto ya fito kamar an ɗauke shi ta cikin ruwa, mai kyamara ya yi ta zagin wanda ya sayar masa, alhali gilashin lafiyarsa lau. Da hunturu kuma hazo ne ke shiga tsakani, ya wanke launi ya bar toka-toka. Duka biyun maganinsu ɗaya: a rage iskar da ke tsakaninka da tsuntsu, a kuma fita da sassafe ko bayan la'asar. Mun sake dawowa kan taku goma sha ɗin nan. Farin tsuntsu kuwa, irin balbela, in rana ta buge shi sai kyamara ta ƙone farin ya zama fili babu gashi. Masu sani suna rage haske kaɗan da hannu kafin su danna.

Akwai wani abin da littattafan Turawa ba za su taɓa sa shi a lissafi ba, Yaya kuwa da shi yake farawa. Gilashi mai 600, in an zuƙe shi an sa masa hularsa, ya kusa kamu guda, baƙi wuluk, ana ɗaga shi a kafaɗa ana saiti. Ka tsaya da shi a bakin daji tsakanin Daki Takwas da Gummi, ko a wani ƙauyen Bukkuyum, a wannan zamani da muke ciki, ka tambayi kanka me mai hange daga nesa zai ɗauka ka riƙe. Jami'in tsaro zai yi zaton makami, ɗan sa-kai zai yi zaton ɗan leƙen asiri, waɗanda ke cikin dajin kuwa ba sai an faɗa ba. Saboda haka Yaya ya ajiye burin babban gilashi ya sayi wata 'yar Nikon P900 ta hannu. Irin kyamarar nan ce da gilashinta ke manne, ba a cirewa. Ta fito a 2015, zuminta sau 83 ne, daga milimita 24 har 2000, nauyinta bai kai kilo guda ba, in an kashe ta kuma sai ta shige 'yar jaka kamar kwanon abinci. Wadda ta biyo bayanta a 2018, P1000, ta kai 3000. Sirrinsu shi ne allon cikinsu ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai farcen ɗan yatsa ba. A nan kuma rauninsu yake: da haske ya ja baya sai hoto ya yi yashi-yashi, kuma ba su da zafin naman bin tsuntsu a sama. Amma tsuntsun da ke zaune a reshe da safe, za su kawo maka shi har ka san ko wane ne. Yaya ba ya fita sai ya gaya wa mai unguwa ko mai gonar inda za shi, ba ya kuma wuce inda manoma ke kaiwa. "Hoto bai kai rai ba," in ji shi.

Tsuntsu a sama shi ne jarrabawar ƙarshe. A nan saurin ƙiftawar kyamara ke aiki, wato tsawon lokacin da take buɗe ido ta rufe. Ango da ke tsaye, kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa ya ishe shi. Shamuwa mai tashi tana son ɗaya cikin 1000 zuwa sama, tsattsewa kuwa ko ɗaya cikin 2000 sai ka yi da gaske. Abin sha'awa, dangin shamuwa ne suka fara shiga tarihin wannan fanni: a 1884 wani Bajamushe, Ottomar Anschütz, ya ɗauki farar shamuwar Turai tana sauka a sheƙa, fukafukai a buɗe, lokacin da yawancin masu hoto sai sun ce wa mutum kar ya motsa. Yau wahalar ta koma kan saiti, yadda kyamara za ta riƙe tsuntsun kar ta zame ta kama reshen bayansa. Tun wajen 2020 aka samu masu gane tsuntsu da kansu, su nemo idonsa su manne masa. Canon R5 na cikin na farko, R7 ta 2022 kuma ta kawo abin kan ƙaramin allo. Na ga aikinsu, abin kamar tsafi. Sai dai ko ita sai ka sa tsuntsun cikin hoton tukuna, kuma nemo tsattsewa a sarari da gilashi mai 600 kamar neman sauro ne ta cikin kara. Yaya yana buɗe idanu biyu, ɗaya a kyamara ɗaya a waje, yana kuma juya wa iska baya, don ya san tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka.

Sauran shawarwarinsa na mai zama da ƙura ne. Ba ya canza gilashi a fili da hunturu, don ƙwayar ƙura ɗaya a kan allo za ta bayyana a kowane hoto. Gilashin zumin da ke fita yana komawa, iska yake zuƙa kamar zugazugin maƙeri, don haka ya ɗinka wa nasa riga da hannun tsohuwar rigar sanyi. Batir uku yake riƙewa saboda halin wutarmu. Maimakon sandar kyamara mai ƙafa uku, ɗan buhu ya cika da gero, ya ɗora bisa kututture ko sirdin babur, gilashi ya kwanta a kai ba rawa. In za ka sayi na hannu a Kano ko Legas, ya ce ka haska tocila ta cikin gilashin ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo, wato fumfuna, ka sa a nuna maka adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, kuma in kuɗin ba su isa duka biyu ba, ka zuba su a gilashi. Gangar jiki tana tsufa kamar waya, gilashi mai kyau kuwa ana gadonsa. Mai 400 da f/5.6 da Canon ta fitar tun 1993 har yau ana nemansa.

Wani zai ce duk wannan wahala don me, a garin da ambaliya ta ci gidaje a 2024, ga kuma abin da ya fi ambaliya. Ni ma na tambayi Yaya. Ya ce in tuna lokacin da ungulu ke cika mahauta har a riƙa korarta da sanda, in gaya masa yaushe rabona da ganin ko ɗaya. Tun 2015 aka sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa a Najeriya, yanzu an fi ganinta a gidajen masu kuɗi fiye da fadama. Najeriya na da tsuntsaye sama da iri 900, kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta jagoranci aikin zana taswirar inda kowanne yake, ta hannun 'yan sa-kai masu zagayawa da waya da madubin hangen nesa. Dausayin Haɗeja da Nguru ya samu masu ƙirga tun da daɗewa. Yammacin Zamfara kuwa ba kowane baƙo ne zai shigo ba yanzu. In ɗan gari bai ɗauka ba, babu mai ɗauka, kuma a wannan aiki hoto mai yashi-yashi da ya nuna tsuntsu da rana da wuri ya wadatar.

Kwana bakwai ɗin da Yaya ya yanka mini, uku na yi. Ranar ta huɗu ya ce in same shi bayan sallar asuba. Muka bi ta gonakin shinkafa, raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando, muka shige bayan zanarsa muka zauna a kan buhu. Ya hana ni magana, ya hana ni nuni da hannu. Sauro ya ci rabonsa. Can da gabas ta fara ja sai na ji fito a sama, siriri, sau uku-uku, garken kirinjijiya ne suka kewaya sau biyu suka sauka a ƙetaren ruwa, nesa. Na ɗaga P900 ɗin da ya ara mini, ya danne mini hannu. Muka ƙara zama har ƙafata ta mutu. Su da kansu suka riƙa matsowa suna kiwo, har na fara ganin farin fuskarsu ba tare da kyamara ba.

Ya sunkuyo dab da kunnena. "Yanzu, ƙanena. Ka riƙe numfashi."

Na danna sau goma sha ɗaya. Da muka koma shago ya buɗe su a kwamfuta, tara ruwa ne da ciyawa, ɗaya rabin wutsiya. Ya daɗe yana kallon na ƙarshen, sannan ya tambaye ni ko gobe ma ina da sarari.